Kafin 'yan gwangwan su ƙarasa sauran Fijo 504 ɗinmu

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a gareji wajen tsohon bakanikena, sai ga wata a-kori-kura ta wuce ta gabanmu ɗauke da gawar wata Fijo 504. An riga an yanka ta gida uku da wutar walda, rufin daban, ƙofofi daban, injin an jefa shi a gefe kamar kan rago. Baba ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce da ni: "Malam, wannan da ka gani wallahi ba ta mutu ba, kashe ta aka yi. Da an ba ni ita kwana uku, da ta tashi." Tun ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari dai in rubuta, ko da za a ce ba ni da aikin yi.

Ni ma ina da irinta a gida, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Fara ce, ƙirar Kaduna, ya saye ta da bashin mota na ma'aikata tun ina firamare. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko amaren gidanmu kusan duka, a cikinta kuma aka kai shi asibiti tafiyarsa ta ƙarshe. Da aka zo rabon gado, wani mai sayen ƙarafa ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodin da ɗan yatsa, ya taya ta naira dubu ɗari uku da hamsin. Ko tambayar tana tashi bai yi ba, don shi nauyinta yake saye. Yayanmu ya ce a sallama, kowa ya karɓi rabonsa a huta. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin a cikinmu akwai mata masu marayu, akwai masu kuɗin makaranta a wuya. Abin da na yi shi ne na ce a yi mata kuɗi na adalci, na ɗora a kan tayin mai ƙarafa, na biya kowane magaji haƙƙinsa a cikin wata biyar. Na faɗi wannan ne tun da wuri don kar wani ya karanta rubutun nan ya je ya danne motar gado da sunan son tarihi. Haƙƙin magada yana gaba da duk wani shauƙi. In kana son motar, ka biya su.

To me ya sa na damu da tsohuwar mota a wannan marra da mutane ke fama da abin sa wa a baka? Saboda 504 tana cikin 'yan abubuwan da za ka nuna wa yaro ka ce masa, ka ga wannan, a Kaduna aka haɗa ta, da hannun mutanenmu.

Matasa da yawa ba su san labarin ba. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma ita aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. A 1975, zamanin Janar Gowon, aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, a shekarar da 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa masu taɓo da ƙura. Bayan kisan Janar Murtala a ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan nan. A wancan zamanin akwai Volkswagen a Legas, akwai Steyr a Bauchi, akwai masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, akwai ta Marsandi a Enugu, akwai Leyland a Ibadan. Malamin makaranta ko akawu yana iya karɓar bashi ya fito da sabuwar mota dal, da ledarta a kan kujeru. Yau kuwa babban ma'aikaci ma sai ya yi da gaske yake samun 'yar Kwatano wadda wani ya gama cin moriyarta a Turai.

Wannan faɗuwar ita ce babban labarin tattalin arzikinmu, kuma kullum muna maganarta a nan, muna zagin shugabanni, muna cewa ba ma ƙera komai. Amma shaidar cewa mun taɓa kama hanya, ita ce muke sayarwa a kan sikeli. Nan da 'yan shekaru in ka ce wa ɗanka an taɓa haɗa mota a Kakuri har ta cika titunan Afirka ta Yamma, zai ce ina take? Sai dai ka nuna masa hoto a waya.

Ba na zargin 'yan gwangwan, neman halak ɗinsu suke yi, kuma suna kwashe tarkacen da da ya zame mana ƙazanta. Mota da tsatsa ta cinye gindinta, injin ya fashe, ba abin da za a yi da ita sai narkarwa. Damuwata ita ce masu lafiya ma ana haɗawa da su. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000 a wurare da yawa, sai kowa ya ajiye tsohuwar motarsa a ƙofar gida. Ta yi wata shida taya ya sace, ta yi shekara yara suka fasa gilashi, kaji suka yi gida a ciki, daga nan sai mai ƙarafa. Haka muke rasa su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda yake lissafi.

Akwai kuma abin da ke tafiya tare da motar, wato ilmin gyaranta. 504 mota ce da mutum zai buɗe gabanta ya ga komai da idonsa. Ga kafireto, ga filogi huɗu, ga lagireto, ga fambel. Injinta bai wuce lita biyu ba, ƙafafun baya ne ke ja, ga tsayi daga ƙasa, ga shakazoba mai haƙuri da ramuka, shi ya sa ta yi daidai da hanyoyinmu. Baba yana sa kunne ya ce maka ga abin da ke damunta tun kafin ya taɓa ta. Na sha ganin ya wanke kafireto da ɗan fetur a murfin gwangwani, ya busa da baki, ya mayar, mota ta tashi. Yaran da ke garejinsa yanzu duk hankalinsu yana kan na'urar da ake jona wa mota ta faɗi cutarta, kuma suna da gaskiya, can kuɗin yake. Sai dai yaron da ya fara koyo a kan injin da yake gani ƙuru-ƙuru, ya san dalilin da ya sa mai da iska da wuta suke haɗuwa su motsa ƙarfe, ya fi wanda ya iya karanta lamba a allo kawai ya canza kaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Irin su Baba sun haura saba'in, kuma ba wanda ya zauna ya ɗauki abin da ke kansu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za a ce wannan almubazzaranci ne, ana yunwa kana maganar fentin tsohuwar mota. Zan amsa da gaskiya. Riƙe tsohuwar mota yana cin kuɗi, ba zan ɓoye ba. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu. Kayan gyaranta na asali sun yi wuya, sai ka zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka yi ta tambaya, wani lokaci ka dawo hannu rabbana, wani lokaci a haɗa ka da jabu. Fitilar baya guda ɗaya na yi wata biyu ina nema. Sannan ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum in an yi karo, birkinta kuma ba irin na zamani ba ne. Ni kaina ba na ɗaukar iyali a cikinta mu hau babbar hanya, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Wanda bai gama da abincin gidansa da kuɗin makarantar yara ba, wallahi ba da shi nake ba, ya sayar ya rufa wa kansa asiri, babu kunya a ciki.

Da masu hali nake. Mutumin da zai sayi doki na miliyoyi don hawan Sallah, ya ɗauki mai kula da shi, ya sayi harawa da dusa shekara guda saboda kwana uku, ba wanda ya ce masa almubazzari, cewa ake yana riƙe al'ada, kuma haka ne. Wanda yake canza waya duk shekara da kuɗin da zai tayar da 504 biyu, shi ma ba a ce komai ba. To don me riƙe motar da aka haɗa a garinmu zai zama abin dariya? Abin da na lura shi ne muna jin kunyar tsohon abu. In aka gan ka a tsohuwar mota sai a ce karaya ta zo. Ranar da na fara fita da tawa bayan an gama gyara, wani abokina ya tsayar da ni ya ce, "Lafiya dai ko? In wani abu ne ya faru ka faɗa mana." Dariya na yi, amma maganar ta nuna yadda muke tunani.

A wasu ƙasashen ba haka abin yake ba. Kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sochaux na Faransa, inda ya jera motocinsa tun na farko. A Ingila duk watan Nuwamba ana fito da motocin da aka ƙera kafin 1905 a tuƙa su daga Landan zuwa Brighton, mutane su cika bakin hanya suna kallo. A Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 da takunkumi ya tilasta musu lallaɓawa, yau su ne masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su hau, iyalai na ci da su. Mu ma a nan, baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta ya ga ramukan harsashi, ya san ya fi karanta shafi goma a littafi. Ashe mun san mota tana riƙe tarihi, kawai dai mun taƙaita abin a kan ta shugabanni.

Wani abin da ban zata ba shi ne mutanen da motar ta haɗa ni da su. Yanzu mu shida ne muke haɗuwa a garejin Baba duk Asabar bayan la'asar. Akwai tsohon direban tasha da ya yi shekaru yana jigila da doguwar 504 tsakanin Kano da Jos, akwai malamin jami'a, akwai tela, akwai wani dattijo da ya yi aiki a Kakuri a sashen fenti, akwai wani saurayi da ya gaji ta kakansa. A wani wuri da wuya waɗannan mutanen su zauna a benci ɗaya. A nan kuwa ana shan shayi, wannan ya kawo wa wancan madubi, wancan ya faɗi inda ya ga murfin taya. Ba a tambayar jam'iyyarka, ba a tambayar garinku. Dattijon nan in ya fara ba da labarin yadda ake fitowa daga aiki a Kakuri, titi ya cika da ma'aikatan Fijo da na masaƙu, sai ka ga saurayin ya ajiye waya yana saurare. Kwanan baya aka roƙe mu muka kai wata amarya da motocinmu uku, unguwa ta fito kallo, tsofaffi mata suna ta shafa bodin suna tuna nasu bikin.

Ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne. In akwai 504 ko 404 ko Basuwaja ko tsohuwar Marsandi a gidanku, kafin ku kira mai ƙarafa ku kira tsohon bakanike ya duba ta. In tana da sauran rai, ku ɗauki hotonta ku sa a nan, mai so zai biya fiye da kuɗin sikeli, ku kun ƙaru, ita ma ta tsira. In za ku ajiye ta, ku sa ta a inuwa, ku rufe ta, ku cire kan batir, ku riƙa tayar da ita ko sau ɗaya a mako, ku kiyaye ta daga ruwan damina don tsatsa ce ajalinta. Takardunta na asali kuma ku adana su, suna ƙara mata daraja. In ta riga ta mutu, a ciro fitilu da gilasai da kujeru da tambarin zakin nan kafin a yanka, wata za su raya.

Gwamnatin Kaduna da gidajen tarihinmu, ku nemi ko guda biyar masu kyau, salun da doguwa da a-kori-kura, ku ajiye inda 'yan makaranta za su gani, ku ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikatan Kakuri tun suna raye. Kwalejojin fasaha kuma, injin 504 guda a ɗakin koyo zai yi wa ɗalibai amfani fiye da zane a allo. Duk wannan bai kai kuɗin jeep ɗaya ta rakiyar mai girma ba.

Wanda yake da irin wannan mota, ko ya san inda wata take kwance, ya sa hotonta da garin da take a ƙasa, kar ya sa adireshin gida. Mu fara sanin nawa suka rage. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.