In Rula Ta Goce, Ɗinki Ya Karkace

A wannan mako za mu leƙa wata sana'a wadda ta yi ƙarfi a Amurka, watau ɗinkin bargon haɗi. Yadda ake yinsa shi ne a yayyanka yadi ƙanana-ƙanana, a harhaɗa su gida-gida, kowane gida mai kusurwa huɗu, sa'an nan a jera gidajen su zama shimfiɗa ɗaya, a sa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, a bi duka da ɗinki. Matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a Jihar Alabama sun yi suna a wannan aiki, har a shekarar 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York. Mu ma ɗinkin auduga tsakanin yadi biyu ba baƙonmu ba ne, gama haka ake yin lifidin dawakan sarakuna.

To, abin da ya fi ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya ba ɗinkin ba ne, yankan ne. A dā da almakashi ake yi, sai a shekarar 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wata reza mai kama da taya, wadda ake garawa a kan yadi. Wadda aka fi amfani da ita faɗinta milimita 45 ne. Ana gara ta a gefen wata rula mai kauri ta roba, garai-garai kamar gilashi, mai zane-zanen awo, wadda galibi faɗinta inci 6 ne, tsawonta inci 24, kuma ana shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi don kada tebur ya ci rauni. Aiki ya yi sauri ƙwarai, amma da saurin ya zo da nasa ciwon kai, domin roba santsi gare ta, yadi ma haka, sai mutum ya kusa kai ƙarshen yanka rula ta goce.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a gocewar da ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba? Bari mu yi lissafi. Masu wannan ɗinki suna barin rubu'in inci a kowane gefe don allura ta bi, saboda haka gidan da ake so ya tashi inci 12 bayan ɗinki, a inci 12 da rabi ake datse shi. In rula ta goce da rabin wannan rubu'i, watau kimanin milimita 3, a kowane gida, aka jera gida 8, an yi asarar inci guda ke nan a layi ɗaya. Kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargo ya yi ta tattarewa, yadin da aka saya da tsada kuwa in an rage shi ba ya komawa. Wannan asarar dukiya ce. Wadda ta fi ta muni ita ce ta jiki, gama rezar da ke raba yadi ninki huɗu a gari ɗaya ba za ta yi wa yatsa ta ido ba.

Maganin farko yana hannun mai yanka. A tsaye ake yanka, ba a zaune ba, don nauyin jiki ya sauko ta kafaɗa ya danne rula daga sama. Kada a kifa tafin hannu gaba ɗaya, domin tafi turawa yake yi gaba. A buɗe yatsu kamar ƙafafun gizo-gizo, a dasa kawunansu a tsakiyar rula, nesa da bakin da reza ke bi, sa'an nan a saukar da ƙaramin yatsa a kan tabarma, a jingine shi da ɗaya gefen. Wannan ɗan yatsa shi ne turken da ke hana rula zamewa.

Na biyu, hannu ba ya iya tsare abin da ya yi masa nisa. Rula mai inci 24, in an danne gindinta kaɗai, kanta juyawa zai yi da zarar reza ta wuce hannu. Saboda haka in an yanka har daidai kan yatsu sai a tsaya, a bar reza a inda take, a taka da yatsun gaba a hankali, a sake dannewa, kana a ci gaba. Wasu kan aza wani abu mai nauyi a can ƙarshen. Kullum daga jiki ake tura reza zuwa gaba, ba a jawo ta wajen ciki, kuma a rufe ta duk lokacin da aka ajiye, ko da na ƙiftawar ido ne, balle a gidan da ke da yara.

Na uku, a rage wa rula santsi. Akwai ƙananan maƙalai na roba da ake sayarwa don a liƙa a bayanta, akwai kuma mariƙi mai kama ta kamar ƙahon wanzami. Wanda bai samu ba, ya yanki takardar yashi ta kafintoci mai laushi, ƙanana kamar farce, ya liƙa a kusurwoyi huɗu da tsakiya, ko ya yi amfani da filasta ta asibiti. Sai dai a kula kada a rufe layukan awo, kada kuma abin ya yi tudu har rula ta riƙa rawa.

Na huɗu, a binciki reza. Mutane da yawa suna ɗora wa rula laifin da na reza ne. In ta dakushe, dole mai yanka ya ƙara ƙarfi, ƙarfin nan kuwa gefen rula yake tunkuɗa. Da an ga tana tsallake zare, lokacin sauya ta ya yi. Haka nan a sa wa yadi sitati a goge shi ya kwanta lumui kafin yanka. Tabarmar kuwa a ajiye ta a shimfiɗe, kada a bar ta a rana ko a yi guga a kanta, domin zafi lanƙwasa ta yake yi, rula kuma ba ta zama daram a kan tudu da kwari.

Wajen daidaita gida bayan an haɗa shi, rula mai kusurwa huɗu ta fi dacewa. A ɗora layinta na karkace a kan ɗinkin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, a datse gefen dama da na sama, a juya gidan, a daidaita gefunan da aka datse da layin inci 12 da rabi, a datse sauran biyun. Bahago sai ya soma ta hagu. Kada a miƙa hannu a yanka ta inda jiki bai saba ba, gara a juya yadin ko a zagaya teburin.

Duk telan da ke yanka da rula da reza, ko na bargo ne ko na jaka ko na hula, waɗannan ka'idodi sun shafe shi. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Daƙiƙa biyar da za ka ɓata wajen gyara zaman yatsunka ta fi sauƙi a kan kwana guda na warware ɗinki, ko mako biyu na jinyar yatsa.