Wanda ya zo maka da aiki, da aiki ake ba shi amsa



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a fada da cikin taksi duk sa'ad da aka ga wata budurwa annasara a kasuwa, kai ɗaure da kallabi, tana cinikin tumatir da Zabarmanci ko Hausa mai karye-karye: wai me waɗannan mutanen suke nema a ƙasarmu? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Ƴan mishan ne, addininsu suka zo yaɗawa, kuma in ka tambaye su ba sa musu. Ni Musulmi ne, aƙidarmu ba ɗaya ba ce. Amma hanyar da suka bi ta cancanci mu tsaya mu dube ta, domin tana da magana a kanmu.

Ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram tun 1924. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, inda har yau mutane ke zuwa daga ƙauyukan Adar da Gobir, har da ƴan Najeriya. A Danja, kudu da Maraɗi, sun daɗe suna jinyar kutare, tun lokacin da kuturu ko danginsa gudunsa suke. A 2012 aka ƙara da cibiyar mata masu yoyon fitsari. Nan Yamai kuma akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, inda ake yi wa yara masu murɗaɗɗiyar ƙafa, tsagaggen leɓe ko tabon ƙuna aiki. Yawancin ma'aikatan waɗannan wurare ƴan Nijar ne, kuma yawancin majinyatan Musulmi ne.

Rayuwar matashin da ya zo wannan aiki ba irin ta sinima ba ce. Da yawansu sai sun bi coci-coci a ƙasarsu sun tara kuɗin zamansu kafin su taso. In sun iso, watannin farko koyon harshe ne: darasi da safe, da marece a zauna wurin mai shayi ko mai gadi ana ta kuskure, yara suna dariya. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, wuta ta ɗauke cikin dare, ga palu, ga iyaye can nesa. Wasu ba sa kai shekara, sai su tattara. Waɗanda suka jure su ne ake tunawa.

Ku ɗauki Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya. Ya iso Maraɗi a 1981 tare da matarsa, shekarunsa ba su wuce 25 ba, da iliminsa na noma da niyyar dasa itatuwa. Ya yi ta raino yana dasawa, iska da awaki da fari suna cinyewa, mafi yawa suka mutu. A 1983, kan wata hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai ya lura da ƴan tsirran nan da manomi ke sassabewa kowace bazara. Ashe ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. In ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi, cikin ƴan shekaru ka samu icce. Shi ne abin da manoma suka kira sassaben zamani, masu Faransanci suna cewa RNA.

Da farko dariya aka yi masa. A yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, an haɗa abin da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari sun ga sabara da kalgo sun ba su makamashi sun tare iska, gawo ya ba gona taki ya ba dabbobi abinci. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Abin da ya zo da shi daga waje bai kama ba. Abin da ya tarar a gonakinmu ne ya yi aiki, kuma bai gan shi ba sai da ya zauna tare da mutane, ya ji harshensu.

Na san abin da wasunku za su ce: duk wannan tarko ne, magani a hannun dama, Linjila a hagu. Damuwar ba banza ba ce, kuma ni ma ina da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada a taɓa ɗaura magani, buhun hatsi ko gurbin lakwal da sauya addini, kuma kada a yi wa yaro wa'azi a bayan iyayensa. Na biyu, masu zuwa sati biyu su ɗauki hoto da yaranmu marasa riga su tafi neman kuɗi da shi, wannan ba hidima ba ce, cin mutunci ne. Wanda aka kama da ɗaya daga cikin biyun nan, a kai maganarsa wurin mai unguwa da hukuma.

Amma mu duba lissafi. Bayan kusan shekara 90 da zuwan SIM, ƙidayar 2012 ta nuna fiye da 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. Imanin mutanenmu ba abin da allura ɗaya za ta ɗauke ba ne. To tsoron me ya kai mu ga abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, aka rasa rayuka 10? Waɗanda aka ƙone wa wurin ibada maƙwabtanmu ne, ba su suka yi zanen ba. Sannan ƴan bindiga suka sace Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai fito ba sai 2023. Suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, ya yi shekara 2 a hannunsu. Duk baƙon da aka sace, wasu goma sun fasa zuwa, kuma mai asarar farko ita ce matar ƙauye da ke jiran likita. Mu da muka san sahabbai sun samu mafaka a Habasha wurin sarki Kirista, mun san haƙƙin baƙo.

Yanzu ga inda maganar ta dawo gida. Yaro ɗan shekara 24 ya bar ƙasarsa ya zauna cikin ƙurar Maraɗi. Mu kuwa, nawa ne cikinmu, da an yi musu afektasiyo zuwa ƙauye, sai a fara neman wani babba ya sa baki a dawo da su Yamai? Nawa ne suka mayar da sarwis sibik takardar da ake sa wa hannu ƙarshen wata? Akwai masu ƙoƙari, Allah ya saka musu: malaman lakwal da ke kwana a bukka, ungozomomi da ke karɓar haihuwa da hasken tocila, asibitin ido na Makka, ƙungiyoyin da ke gina rijiyoyi. Sai dai ko a nan, kuɗi masu yawa daga waje suke zuwa, alhali muna da attajirai, muna da zakka, muna da matasa masu diflom zaune a fada.

In muna kishin addininmu da ƙasarmu, ga filin nan. Kowace fada ta ɗauki abu guda: gyaran magudanar kartiye kafin damina, ba da jini a asibiti, koya wa almajirai karatu da lissafi da marece, ko ziyarar marasa lafiyar da ba su da kowa. A ɗauka a riƙe shekara da shekaru, ba ranar ɗaukar hoto kaɗai ba.

Ku faɗa mini, a kartiyenku wa ke yin irin wannan aiki tsakani da Allah? Ku ambace shi, mu gayyato shi cikin shiri jama'a su ji. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama lafiya.