Sharhi: Jakar Goyon Soja da Yadda Take Shafar Ƙarfinsa

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun hatsi daga gona ya san cewa yadda aka ɗaure kaya da inda ya zauna a jiki na iya ƙara wa mutum gajiya ko rage masa ita. Wannan batu ne rundunonin soja suka daɗe suna nazari a kansa dangane da jakar da soja ke goyawa a baya, wadda yake zuba harsasai, ruwan sha, abinci da batura a cikinta.

A ƙasar Amurka, wadda ta yi nisa a wannan bincike, an fito da jakar ALICE a shekarar 1973, sannan a 1997 aka gabatar da MOLLE domin ta maye gurbinta. Ɗaya daga cikin abubuwan da masu ƙira suka sa a gaba shi ne sauke nauyi daga kafaɗu zuwa ƙugu, ta hanyar sanya wa jakar wani tsari mai ƙarfi a bayanta da kuma ɗamara mai faɗi. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar binciken sojoji da ke Natick sun nuna cewa irin wannan ɗamara na ɗauke kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin daga kafaɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin igiyar jaka idan ta daɗe tana danne kafaɗa takan matse jijiyoyin da ke zuwa hannu, har hannun ya yi sanyi, soja ya kasa riƙe bindiga yadda ya kamata. Haka kuma an lura cewa kaya mai nauyi da aka ajiye kusa da gadon baya ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ke rinjayar mutum ta baya, wanda ke tilasta masa sunkuyawa.

To sai dai kyawun jaka bai hana a cika ta ba. Tun a 1950 marubucin nan na tarihin soja, S.L.A. Marshall, ya ba da shawarar kada kayan soja su wuce kashi ɗaya bisa uku na nauyin jikinsa. Amma binciken da aka gudanar a kan sojojin Amurka a Afganistan a 2003 ya gano cewa sojan ƙasa na shiga faɗa da kaya kimanin kilo 29, kuma a doguwar tafiya yakan wuce kilo 40. A ganinmu nan ne matsalar take: da zarar an ƙera jaka mai ƙwari, sai a ga dama ta samu ta ƙara mata kaya, gwiwa da ƙashin baya kuwa su ne ke biya. Rigar sulke ma takan hana ɗamarar zama daidai a ƙugu, sai amfaninta ya ragu.

Lamarin ya shafe mu, ganin cewa 'ya'yanmu da dama daga karkara ke shiga aikin soja. Jakar da ta manne a baya tana hana gumi bushewa, kuma a zafin watan Afrilu na arewa maso gabas hakan na nufin ƙarin ruwan sha, wanda kowace lita ɗaya kilo guda ne. Ya kamata masu sayo wa dakaru kayan aiki su riƙa gwada jaka a jikin sojojinmu, tare da sulke, cikin rana da yashi, kafin a ba da kwangila.