Hoton aikin gwamnati: kada kyamara ta ƙara wa titi tsawo

Duk wanda ya dubi layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, zai ga ƙarafan biyu suna matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙurewar gani, alhali a ƙasa tazararsu ba ta canza ba. Wannan ƙa'ida ce masanin Italiya Leon Battista Alberti ya rubuta wa masu zane a 1435: layukan da ke tafiya a jere suna ƙarewa a ɗigo guda, kuma can idon mai kallo yake nufa.

Hadiman da ke ɗaukar hotunan ayyukan ma'aikatu suna da damar cin moriyarta. Idan aka daidaita gefen titi da jerin turakun fitilu suka kai ido kan sabuwar gada, hoton ya yi bayani tun kafin a karanta rubutun ƙasansa.

Sai dai ƙa'idar tana iya zama mayafi. Mai hoto ya durƙusa, ya buɗe faɗin kyamara, sai ɗan guntun kwalta ya yi kama da hanyar da ba ta da iyaka. A ganina wannan yaudara ce, ko da ba a taɓa hoton da kwamfuta ba, domin hoton ma'aikata shaida ce da jama'a ke auna aiki da ita.

Gyaran mai sauƙi ne: a ɗauka daga tsaye, a bar mota ko mutum a ciki don a gane girma, a nuna inda kwalta ta tsaya, a kuma rubuta kilomita nawa aka kammala. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu bin hanyar sun san iyakarta.