Daga aikin kammala digiri zuwa ɗakin jarirai: abin da Jami'ar Rice ta yi a Malawi

A yawancin jami'o'inmu, aikin shekarar ƙarshe da ɗalibin injiniya ke yi, wanda ɗalibai ke kira furojet, yakan ƙare ne a kan kanta: a ɗaure shi da baƙin bango, a ba shi maki, ƙura ta rufe shi. A Jami'ar Rice da ke birnin Houston na Amurka, wasu malamai biyu, Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, sun ɗauki wannan aiki suka mai da shi hanyar koyar da ƙira da sana'a a lokaci guda. Sakamakon ya isa asibitocin Afirka, har da na Najeriya.

Tsarin nasu ya fara ne daga asibiti. Likitoci da ma'aikatan jinya ke kawo matsalar da ke damunsu, sai a miƙa ta ga rukunin ɗalibai masu karatun injiniyancin na'urorin asibiti. Ɗaya daga cikin matsalolin ta fito daga Asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, inda bakwaini ke mutuwa saboda huhunsu bai ƙosa ba. Akwai na'urar da ke tura iska a hankali ta hancin jariri don kada huhun ya rufe, wadda likitoci ke kira CPAP, amma a ƙasashen Yamma kuɗinta yakan kai dala 6,000. Ɗaliban suka haɗa tasu da famfon da ake hura iska a tankin kifin ado da kwalbar ruwa. Daga baya aka sa mata suna Pumani, kalmar da ke nufin numfashi cikin natsuwa a harshen Chichewa.

Gwajin da aka yi a asibitin, wanda mujallar PLOS ONE ta wallafa a 2014, ya nuna kashi 71 cikin 100 na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, yayin da kashi 44 ne suka rayu cikin waɗanda aka ba iskar oksijin kawai. Jariran ba su kai ɗari ba gaba ɗaya, don haka bai kamata a ɗora wa alƙaluman nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. Duk da haka sun isa su sa gwamnatin Malawi da masu tallafa mata su bazu da na'urar zuwa sauran asibitocin ƙasar.

Inda ɗan kasuwa zai fi gane darasin shi ne abin da ya biyo bayan ƙirar. Jami'a ba masana'anta ba ce, kuma ɗalibi yana karɓar takardarsa zai kama gabansa. Shi ya sa aka ba wani kamfani na California, 3rd Stone Design, lasisin ƙera Pumani da sayar da ita. Tun a aji ake tilasta wa ɗalibi ya amsa tambayoyin da kowane mai shago ya sani: wa zai saya, nawa zai iya biya, ina za a samo kayan gyara, wa zai gyara idan ta lalace, kuma wace hukuma za ta amince a sa wa ɗan Adam ita.

Wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi yakan sha kunya komai kyawun ƙirarsa. Ƙungiyar Design that Matters ta taɓa ƙera kwalbar renon bakwaini da sassan mota, mai suna NeoNurture, bisa tunanin cewa ko'ina akwai makanike. Mujallar Time ta sa ta cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2010. Ba ta shiga kasuwa ba, domin ba a samu mai ƙera ta da yawa ba, kuma shugaban ƙungiyar, Timothy Prestero, ya fito fili ya amsa hakan. A ɗaya gefen kuma akwai na'urori masu tsada da ake kawowa kyauta daga waje, su mutu saboda ƙura, zafi ko wutar lantarki mai hawa da sauka. Binciken da masana na Jami'ar Duke suka fitar a 2011 ya gano kusan kashi 40 cikin 100 na kayan asibiti a ƙasashe masu tasowa ba sa aiki. Duk ma'aikacin da ya taɓa leƙa sito a babban asibitin jiha ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Aikin na Rice ya girma ya zama haɗakar NEST360, da aka ƙaddamar a 2019 don rage mutuwar jarirai a Malawi, Kenya, Tanzaniya da Najeriya. A nan gida, an buɗe ɗakunan ƙira a Jami'ar Legas da Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai ke gwada hannunsu a kan matsalolin asibitocin da ke kusa da su. Buƙatar a bayyane take: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai suna rasuwa kafin su cika wata guda.

Sai dai kwaikwayon tsarin ba zai zo da sauƙi ba. Rice jami'a ce mai zaman kanta mai ɗimbin dukiya, tana da katafaren ɗakin ƙira da masu ba da tallafi. Gidauniyar MacArthur kaɗai ta ba shirin dala miliyan 15 a 2017. Ɗalibinmu kuwa daga aljihun mahaifinsa yake sayen waya da batir. Hukumar NUC ta daɗe da wajabta darasin koyon sana'a a jami'o'i, amma a wurare da dama ana koyar da shi ne a babban zaure, nesa da sashen injiniya, nesa da asibitin koyarwa, ko da kuwa katanga ɗaya ce ta raba su.

A ganina, ɓangaren da ya fi araha shi ne ya fi muhimmanci, wato a bar ma'aikaciyar jinya ta zaɓi matsalar, a kuma sa ɗan kasuwa da mai gyaran na'urori cikin masu ba da maki. Abin da ke buƙatar kuɗi shi ne matakin da ke tsakanin samfurin farko da rajistar NAFDAC, inda ake gwaji a asibiti ƙarƙashin kwamitin ɗa'a. Wannan mataki yakan ɗauki shekaru, alhali zangon furojet watanni ne, kuma ɗalibin da ya fara aikin yana sansanin bautar ƙasa kafin a kai ga jariri na farko.