Yaron Da Ya Iya Lissafin Kasuwa Ba Daƙiƙi Ba Ne a Aji

Duk wanda ya san kasuwar Diffa ya san irin yaran nan da ke tsaron kayan iyayensu. Idan aka ce wa ɗan shekara goma sha biyu dala arba'in, ya san sefa 200 ake nufi, domin kowace dala sefa biyar ce. Idan mai saye ya miƙo naira, wadda ke yawo a garin tamkar kuɗin gida, zai juya ta zuwa sefa a ka, ya ba da canji ba tare da an cuce shi ba. Washegari yaron nan zai zauna a aji a ce ya fitar da kashi 20 cikin ɗari na 500, ko kewayen da'ira, ya yi shiru, a buga masa sifili, a gida kuma a ce ba shi da kan lissafi. Wannan hukunci kuskure ne. Yawancin yaran da lissafi ke kayarwa a kwarin Komadugu, an fara musu darasin ne daga inda ba su kai ba, cikin harshen da ba su gama ji ba, kuma maganin shi ne a koma a same su inda suke.

Matsalar ba ta ɗalibi ɗaya ba ce. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai matakin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an samu ci gaba, amma ba su cika ɗaya cikin huɗu ba. Jihar Diffa kuwa tana da nata ƙarin nauyin. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, makarantu fiye da ɗari suka rufe a bakin kogi da gefen tafkin Chadi, iyalai suka watsu a gefen babbar hanya ta ɗaya da sansanin Sayam Forage, sannan ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta sake tayar da wasu. Lissafi kuma gini ne, kowane tubali a kan ɗan'uwansa yake zaune. Yaron da gudun hijira ya cinye masa shekarar koyon rabawa, ko da an mayar da shi aji shida saboda shekarunsa, kashi cikin ɗari zai zame masa duhu, tunda rabawa ce tushensa.

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne kashi cikin ɗari ba baƙo ba ne a gidajenmu. Manomin gero ya san idan ya kai nisabi zai fitar da dami ɗaya cikin goma, mai shinkafar da aka shayar da injin ban ruwa kuma ɗaya cikin ashirin, mai kuɗin ajiya ɗaya cikin arba'in. Waɗannan su ne kashi 10, kashi 5 da kashi 2 da rabi cikin ɗari, babu ragi babu ƙari. Malamin da ya zuba tsakuwa ɗari a ƙasa, ya ce a fitar da zakkarsu in da damuna aka noma, sannan in da rani ne, ya riga ya koyar da darasin kafin ya taɓa alli. Daga nan sai a shiga tattasai, arzikin wannan kwari. A ce buhu yana jika 20 ya faɗo jika 15: an rasa biyar cikin ashirin, wato kashi 25. In ya koma jika 20 daga 15, ƙarin biyar ne cikin goma sha biyar, wato kashi 33 da ɗoriya. Jika biyar ɗin ba ta canza ba, abin da ake auna ta da shi ne ya canza. Yaron da ya gane wannan ya riƙe ainihin darasin, kuma da wuya dillali ko mai ba da bashi da ruwa ya ruɗe shi idan ya girma.

Da'ira ma haka. Ana rubuta wa yara 3,14 a allo su haddace kamar wata kalma da ta faɗo daga sama. A ba su igiya su zagaye faifai, murfin tukunya, tayar keke da bakin rijiya, sannan su auna faɗin kowanne ta tsakiya. Kowane lokaci igiyar za ta ninka faɗin sau uku, ta bar ɗan guntu da ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin. Idan yara ashirin suka samu amsa guda a kan abubuwa daban-daban, lambar ta zama abin da suka gano da hannunsu. Mai ginin rumbu da ke kafa turke ya ɗaura igiya ya zana tushe a ƙasa, aikin kamfas ɗin aji yake yi.

Akwai masu cewa lissafin kasuwa daban, na makaranta daban, kuma suna da gaskiya fiye da yadda ake zato. Wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa a 2025 ya nuna yaran da ke ciniki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya suna warware lissafi mai wuya a ka, amma su kasa irinsa a takarda, 'yan makaranta kuma su iya na takarda su kasa na ciniki. Ashe ilimin kasuwa ba ya tsallakawa aji da kansa. Ko dalar nan tana iya rikita yaro, tunda "ashirin" a bakin mahaifiyarsa 100 ce a littafi. To amma wannan hujja ce a kan cewa sai malami ya gina gadar da gangan: tsakuwa, sannan zane, sannan lamba, sannan ƙa'ida, kuma kada a tsaya a tsakuwa.

Wasu za su ce jarrabawar BEPC da Faransanci ake rubuta ta. Haka ne, kuma dole yaro ya san kalmomin. Sai dai kalma tana saurin zama a kan abin da aka riga aka fahimta. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, kundin mulkin Nijar na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa. A nan dole a faɗi gaskiya: a Chetimari ko Gueskerou, yawancin yara da Barbarci suka tashi, wasu da Fulatanci ko Tubanci ko Larabci. Mayar da darasi Hausa ga yaron da ba ya jin ta sosai sauya masa katanga ne kawai. Harshen da ya fi ji shi za a fara da shi, ko da ta bakin ɗan ajinsu ne.

Batun cunkoson aji da ƙarancin lokaci shi ne mafi nauyi, kuma ba laifin malami ba ne. Amma an gwada mafita a nan Diffa. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 ƙungiyar agaji ta IRC ta shirya darussan ƙari ga yaran da suka yi baya a makarantun jihar, kuma binciken da aka yi da jami'ar New York ya nuna sun fi takwarorinsu da ba su samu ba ci gaba a karatu da lissafi. Ba sai an jira wata ƙungiya ba. Kwamitin iyaye da malamai na kowace makaranta zai iya ware awa ɗaya da yamma, a gwada yara a raba su bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a nemi ɗaliban Jami'ar Diffa da na makarantar horar da malamai su taimaka. Iyaye kuma, kafin ku ce wa ɗanku ba shi da kan lissafi, ku ba shi tsakuwa ɗari ya fitar muku da zakka, ku ga inda ya tsaya, ku kai wa malaminsa labarin.