Rufe Makarantun Birnin Shikago

Ran 22 ga watan Mayu, 2013, Hukumar Ilmi ta birnin Shikago, a ƙasar Amurka, ta yanke hukuncin rufe makarantu 50, zamanin magajin gari Rahm Emanuel. Hujjarta ita ce jama'a sun ragu, kujeru da yawa ba mai zama, ga kuma giɓin kuɗi wajen dala miliyan 1,000. Haƙiƙa ba mai musun cewa gini maras almajirai yana cin baitulmali. Amma hukuma kujeru ta ƙidaya, ba ta auna tafiyar yaro ba.

Yara wajen 12,000 aka tasa, galibinsu baƙar fata, 'ya'yan talakawan kudu da yammacin birni. Yaron da makarantarsa take bayan gidansu, sai ga shi yana ratsa unguwar 'yan daba masu gaba da unguwarsu, har aka jera mutane bakin hanya suna tsaron yara safe da yamma. Ashe dai hukuma ta san haɗarin.

An yi wa iyaye alkawari makarantun da za a koma sun fi. Cikin 2018 masu bincike na Jami'ar Shikago suka bayyana cewa karatun yaran ya ja baya tun shekarar da aka yi shela, raunin lissafi kuwa ya bi su shekara huɗu. A 2023 kuma da yawa cikin gine-ginen nan suna kulle, ba a yi kome da su ba.